Bokitai Bakwai na Shinkafar Pa Lamai

Greenbelt, Maryland
12 ga Yuni, 2011

Zuwa ga Kawu Maitama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da Inna Hasiya da yara, da fatan damina ta sauka lafiya a Auyo. Tunda kunnenka ba ya jin daɗin waya, ga takarda. Yaya Fatihu da ke aikin gidan rediyo a nan Amurka zai ɗauki hotonta ya tura wa Rumasa'u, ita kuma ta karanta maka da ƙarfi. A yi haƙuri da rubutun, ka san inda na tsaya a boko.

Na bar wankin mota. Wata huɗu ke nan ina aiki a gidan abincin wata mata mutuniyar Tailan. E, Kawu, su ɗin dai, masu fararen buhunan shinkafar da kake yi wa tsaki a kasuwar Haɗeja. Sunanta Lamai, muna ce mata Pa Lamai, Pa ɗin kamar goggo ne a wurinsu. Aikina wanke shinkafa da dafa ta a manyan tukwane uku, sai wanke-wanke. Ta ɗauke mini taɓa naman alade, kuma in lokacin salla ya yi ita ce ma ke nuna mini agogo.

Mutanen nan shinkafa ce rayuwarsu. Da safe ba za ta ce mini ina kwana ba, sai ta ce ka ci shinkafa? In ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa, sunkuyawa take yi ta ɗauka. Da na zaci duk mutumin Tailan attajiri ne mai jirgin ruwa, ashe mahaifinta manomi ne kamarka, a wani ƙauye kusa da garin Ayutaya, kuma ƙafarsa ma irin taka ce, na gani a hoto, duk faso. Ta ce samarin ƙauyen sun tafi masana'antu inda ake ƙera kayan cikin kwamfuta da na mota, har da ƙanenta Wirat, tsofaffi kaɗai aka bari da gona. Yanzu zaɓe za su yi, ana ta yi wa manoma alkawarin gwamnati za ta saye shinkafa da tsada fiye da kasuwa. Na ce mata mu ma mun san irin wannan waƙar. Ta yi murmushi. Komai murmushi take yi, daɗi ko wuya, sai ka lura da hannunta za ka gane wanne ne.

To Kawu, na yi wani abu, ina so ka ji daga bakina.

A bangon kicin, can sama, akwai wani ɗan katako inda take ajiye furanni da turare da hoton iyayenta. Wurin ibadarta ne. A kai akwai kwalba cike da shanshera, doguwar ƙwaya mai jan ɓawo, wadda mahaifinta ya ba ta daga girbin bara. Ta ce tsohon iri ne na kakanninsu, mai bin ruwa, in ruwa ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo. Duk ƙauyen an daina shuka shi don yana daɗewa kuma masu injin casa ba sa so, tsohon kaɗai ya riƙe ɗan fegi.

Kullum ina kallon kwalbar nan tana shan tururi da zafin murhu. Kai ka koya mini iri ba ya jure wannan. Sau biyu na buɗe baki zan roƙa, kunya ta hana ni, don ban san ko laifi ne a wurinsu ba. Ranar da aka sa ni share bangon, na buɗe na ɗebi abin da bai cika tafin hannu ba. Na jiƙa, goma sha ɗaya kawai suka tsira. Na dasa su a bokitan man gyaɗa guda bakwai a barandar ɗakinmu. Katung, ɗan Kudancin Kaduna da muke haya tare, direban tasi, ya ce na zo Amurka na buɗe gonar sauro.

Sun yi kore shar, Kawu. Da ka gani.

Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Hashimu

Auyo
9 ga Yuli, 2011

Hashimu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ruwa na zuba, mun gama dashe a fadamar gabas. Innarka na gaishe ka.

An karanta mini takardarka sau biyu, na biyun don in tabbatar ba kunnena ne ya ƙara gishiri ba. Kai ne ka girma a gidana ka ɗauki iri ba ka roƙa ba? A garin nan wa ka taɓa gani an hana shi iri? Ko wanda ba kwa magana da shi, ka je ƙofarsa ka yi sallama ka ce ka zo neman iri, zai auna maka, in Allah ya ba ka girbi ka kai masa damin fari. Haka muka tarar. Abin da ya sa ake roƙa, don mai iri ya san inda irinsa ya tafi. Wanda aka ɗauka a ɓoye sunansa daban, kai ma ka san sunan.

Sannan daga wurin bautarta. Addininta nata ne, ba ruwanka da shi, amma hannunka ba shi da abin yi a can. Matar da ke nuna maka lokacin salla!

Ba don ina ƙaunar shinkafarsu nake faɗa ba. Bara na kai tawa kasuwa, mata suna wucewa suna cewa ta gida tsakuwa gare ta, suna ɗaukar ta Tailan. Mutanen da suka cika duniya da buhu ba su rasa iri ba. Amma amana amana ce. Ka je ka faɗa mata gobe, tun abin yana ƙarami.

Allah ya shirye ka.

Kawunka,
Maitama

Ƙari daga mai rubutu: Bawana, ashe abin da ka ƙetare teku ka je yi ke nan, noman bokiti? In an yi girbi a turo mana tirela. Baba ya yi faɗa, amma da aka idar da la'asar ya tambaye ni wai ka ce jan ɓawo gare ta? Rumasa'u.

Greenbelt
23 ga Oktoba, 2011

Kawu,

Assalamu alaikum, da fatan an yi azumi lafiya an yi sallah lafiya. Na san shirun ya yi yawa. Ban rubuto ba ne don ban yi abin da ka ce ba. Kullum sai in ce gobe. Takardun zamana sun yi, amma aiki irin wannan, mai barin mutum ya yi sallarsa, ba kowace ƙofa ake samunsa ba, kuma da shi nake taɓa muku ɗan abin da nake taɓawa. Tsoro ne, ba zan sa masa wani suna ba.

Yanzu abin ya girma.

Ambaliya ta ci ƙasarsu. Na san ka ji a rediyo, Yaya Fatihu ma ya karanta labarin, amma ji daban, ganin mai abin daban. Talabijin ɗin da ke wurin cin abinci yanzu tashar ƙasarsu kawai yake nunawa. Ruwa ya sauko daga arewa ya shimfiɗu kamar ba shi da gaɓa. Masana'antar su Wirat ta nutse har rufi, sababbin motoci jere a fili sai samansu kake gani. An sallami ma'aikata sai abin da hali ya yi. Wani mai gyaran kwamfuta da ke cin abinci a wurinmu ya ce har a nan kayan aikinsa sun yi tsada saboda ruwan Ayutaya. Ka ji fa, ruwa a can, kuka a Maryland.

Pa Lamai ta ce mutanen ƙauyensu na ƙorafi wai an tare ruwan da buhunan yashi don kada ya shiga babban birni, shi ya sa ya kwanta a kansu. Ban san gaskiyar wannan ba, amma na tuna shekarar da aka sako mana ruwa daga dam muka kwashe kaya a kwalekwale, na ce mata na san ɗacin.

Kwana shida ba ta ji daga mahaifinta ba. Tana karɓar baƙi tana murmushi, hannunta na murɗa tsumma kamar za ta yaga shi. Irene, 'yar Ghana mai kai abinci tebur, ta ce mini, "Madam ɗin nan dutse ce." Na ce ba dutse ba ce, kara ce irin tamu, ba ta son ɗora wa kowa kayanta. Na sayi lemo da ayaba na kai mata jaje kamar yadda ake yi. Ta rasa me za ta yi da ledar, ta riƙe ta a ƙirji tana cewa ba komai, ba komai.

An samu tsohon da rai a gidan ibadarsu da ke kan tudu, shi da buhu ɗaya na tufafi. Amma gona ta tafi. Shinkafar mai bin ruwa ta bi iya ƙarfinta, ruwan ya fi ta sauri, igiyarsa ta tumɓuke ta. Rumbun ma ya kwana ashirin a ƙarƙashin ruwa. Gwamnati ta ce za ta raba iri in ruwa ya janye, amma irin zamani ne. Tsohon ya ce wa 'yarsa a waya, abin da ya rage na kakansa a duniya shi ne kwalbar da ke wurinta.

Ranar nan ta sauko da kwalbar da hannu biyu. Ta kira ni, don ta san ni ɗan manomi ne. Ta ce, "Hashim, yaya ake gane iri yana da rai?" Na nuna mata, muka jiƙa a tsumma muka ajiye a wuri mai ɗumi. Kwana takwas muna buɗewa. Ko ɗaya, Kawu. Muka sake da wani, ya yi funfuna. Murhu ya gama da shi.

Ta naɗe tsumman ta ce, "Ba zan faɗa masa ba tukuna." Ni kuma ina tsaye a gabanta da bokitai bakwai a gida, bakina ya ƙi buɗewa.

Ga halin da suke ciki. Duk bazarar nan ganye kawai suka yi ta yi, har sun kai mini ƙirji, ba ciki ba alamarsa. Sai da na lura rana ta fara gajarta sannan suka ɗauki ciki, kamar dawar kaka. To amma gajartar rana a nan tare take zuwa da sanyin da ke kashe tsiro. Na kwashe su na shigo da su ɗakina, na jera a bakin taga, na matsar da katifata falo. Da magariba ina rufe ƙofar ɗakin, ba na kunna fitila, don kada su zaci rana ba ta faɗi ba. Katung ya ce, "Mallam, shinkafa ce ke da ɗaki, kai ne baƙo? To ta fara biyan haya." Amma shi ne ya samo mini hita mai ɗumama ɗaki.

Sun fara fitar da kai. Ban sani ba ko za su yi ido, ko ƙaiƙayi zan girba. In na faɗa mata yanzu suka ƙi, na sa mata rai a banza, kuma na tona kaina. In na yi shiru, ina kallonta tana kwana da baƙin cikin da ban sani ba ko maganinsa na ɗakina.

Ka faɗa mini abin yi. Wannan karon zan ji.

Ɗanka,
Hashimu

Auyo
8 ga Nuwamba, 2011

Hashimu ɗana,

Wa alaikumus salam. Barka da babbar sallah. Mun yi layya, an ajiye maka addu'a tunda nama ba ya zuwa.

Ka jajanta wa matar nan a madadina. Ka ce wani tsoho a Auyo ya ce Allah ya mayar da alheri.

Ba ka san 'Yar Almu ba, an haife ka bayanta. Jar shinkafa ce da kakanka Almu ya zo da ita daga yamma, ita ma mai bin ruwa. Da malaman gona suka kawo mai saurin nuna, kowa ya watsar da ita, ni ma na rage ta zuwa kunya huɗu. Shekarar babban ruwa ta tafi da kunyoyin da rumbun. Na hau keke har Kafin Hausa da Guri ina tambaya gida gida, kowa ya ce ai mun ɗauka kana da ita. Har yau in na ci tuwon shinkafa sai in ji bai kai ba. Ban taɓa zaton masu buhunan nan suna da irin wannan ciwon ba.

Ga abin yi. Da hantsi, in furen ya buɗe, ka riƙa girgiza karan a hankali, tunda ɗaki ba iska. In ka matsa ƙwaya ka ga nono, ka rage ruwa. Kada ka yanka sai zangarniya ta sunkuya ta yi launin zuma. Ka yanka ɗaya ɗaya da wuƙa, ka shanya a inuwa, ka ɗaure dami, komai ƙanƙantarsa.

Sannan ka kai mata duka, ba damin fari kaɗai ba, don ba a ba ka ba balle ka raba. Ka fara da faɗar laifinka kafin ka nuna damin. Kada ka shiga kamar mai kawo kyauta, kayanta ka mayar. In ta kore ka, ta yi daidai, ka yi godiya ka fita. Allah ba zai hana ka wani aikin ba.

Kawunka,
Maitama

Ƙari: Bawana, ka dai ji maganar Baba. Ka yi abin da ya ce. Yau ba tsokana. Rumasa'u.

Greenbelt
18 ga Disamba, 2011

Kawu,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa.

Sun yi ido. Ba duka ba, fiye da rabi ƙaiƙayi ne, bokiti biyu ma sanyin taga ya taɓa su. Abin da ya tsira dami ne da bai fi kaurin damtsena ba. Na jiƙa ƙwaya goma na gwada, da farko shiru, sai da na ƙara shanya su kusa da hita na sake, shida suka fasa.

Ranar Litinin kafin a buɗe wa baƙi na same ta tana yanka albasa. Damin yana cikin jakata. Na durƙusa na ce, "Pa, na ci amanarki." Na faɗa mata komai, ranar, da yawan abin da na ɗiba. Ta ajiye wuƙa. Ta ce, "Ka hau can?" Na ce na hau. "Ka buɗe?" Na ce na buɗe. "Muna jiƙa iri tare kwana takwas, kana kallona?" Na ce ina kallonki.

Sai na fito da damin na ɗora a tebur. Kawu, ba ta taɓa shi ba. Ta dube shi ta daɗe, sannan ta yi murmushin nan, hannunta na murɗa tsumma. Ta ce, "Wurin nan na mahaifiyata ne da ta rasu, da uwar shinkafa da muke bauta wa. Ni kaina sai na wanke hannu na nemi izini nake taɓawa. Cire rigar aiki ka tafi gida."

Na cire, na yi godiya, na fita. Irene ta biyo ni bakin ƙofa tana cewa, "Kai wawa ne? Da ka ce a intanet ka sayo!" Na ce tsohon zai gane irinsa ko a duhu.

Kwana tara ina zaune. Na koma wurin wankin mota, sun ce sai bayan sanyi.

Ran Laraba da hantsi aka ƙwanƙwasa. Katung ya leƙa ya dawo yana raɗa, "Surukar shinkafarka ta zo." Ita ce, ta tuƙo tun daga gidanta na Springfield. Ba ta gaishe ni da ka ci shinkafa ba. Ta ce, "Ina suke?" Ta cire takalmi ta shiga ɗakin, ta ga bokitan da kututturen, da hita, da bargon da na toshe ƙasan ƙofa da shi saboda haske. Ta durƙusa ta haɗa tafukanta tana yi wa kututturen magana ƙasa ƙasa da yarensu. Na fita na ba ta wuri.

Da ta fito sai ta kira waya ta miƙo mini. Tsohon ne, ruwa ya janye ya koma gida, yana kwashe laka. Tana fassara. Bai tambayi sunana ba. Ya ce da me na yanka? Na ce da wuƙa, ɗaya ɗaya. Ya ce wa ya faɗa mini shinkafar ba ta son fitila? Na ce ita ta nuna mini. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wa ya koya mini noma? Na ce kawuna, shi ma ruwa ya taɓa cinye masa irin mahaifinsa. Sai tsohon ya faɗi wata magana, Pa Lamai ta fassara. Wai, "Ka gaishe shi. Ka ce masa na san bai daina nema ba."

Za ta tafi gida wata mai zuwa, in ta samu takardun da ake nema kafin a shiga da iri. Wirat ya ce ba zai jira masana'anta ba, zai tsaya ya taya tsohon wannan shekarar. Ta raba ƙwayar kashi uku, biyu za ta tafi da su. Kashi ɗaya ta ƙulle a farin ƙyalle ta ajiye a kan teburinmu. Ta ce, "Wannan ni na ba ka. Ka sake shukawa. Ruwa zai iya dawowa."

Na ce, "Pa, kin yafe mini?" Tana sa takalmi ta ce, "Ban gama fushi ba." Ba ta yi murmushi ba, kuma hannunta a sake yake. Maganar aiki ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Abin da zan iya turo muku wannan watan ba zai kai na da ba. A yi haƙuri.

Ɗanka,
Hashimu

Auyo
2 ga Janairu, 2012

Hashimu,

Wa alaikumus salam. Kada ka turo komai, mun yi girbi.

Gaisuwar tsohon ta iso, ina amsawa. Ka bar matar nan ta gama fushinta, kada ka matsa mata.

In ta huce, ka je ƙofarta ka yi sallama. Ka ce Maitama na Auyo, ɗan Almu, yana roƙon iri, ko cikin cokali ne, daga girbin baɗi. Na ware kunya huɗu a bakin ruwa. In Allah ya sa ta yi, damin fari na mahaifinta ne.

Da baki za ka roƙa.

Kawunka,
Maitama